Ƙananan hukumomi: Hukuncin kotu kaɗai ba zai wadatar ba

A ranar 11 ga Yulin 2024 ne Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci kan ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan gwamnonin jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma babu gwamnan da ke da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomin riƙo. An yi ta sam-barka. Amma ko da shekara ta zagayo, duk wanda ya leƙa sakatariyar ƙaramar hukumarsa ya san ba ta sauya zani ba.

A wurare da dama sakatariyar ba ta cika sai ƙarshen wata. Ciyaman yana babban birnin jiha, yana jiran gidan gwamnati ya sahale masa kafin ya gyara ko da kwalbati ɗaya. A ƙauye kuwa, mai ciki na zuwa ɗakin shan magani ta tarar da shi a garƙame, yara na karatu a ƙasa cikin ajin da iska ta yaye wa rufi tun daminar bara. Alhali doka ta ware wa wannan mataki na gwamnati kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kason ya ƙaru ƙwarai. Ina kuɗin suke maƙalewa?

Amsar tana cikin sashe na 162(6) na tsarin mulkin 1999, wanda ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Muddin wannan sashe yana nan, gwamnoni za su ci gaba da fakewa da shi. An gwada cire shi a gyaran tsarin mulkin da aka kammala a 2023, amma ƙudirin bai samu amincewar majalisun jihohi 24 da ake buƙata ba. Kowa ya san muryar wa waɗannan majalisu suke ji.

Gwamnonin suna da hujja ɗaya da ba ta yarwa ba ce: idan aka sakar wa ciyamomi kuɗi, malaman firamare na iya komawa bin bashin albashi, kamar yadda aka sha fama a farkon shekarun 1990. Sai dai maganin wannan shi ne a cire albashin malamai da ma'aikatan lafiya tun daga tushe, a bayyane, sauran a miƙa wa mai shi.

Abin da ya fi damun mu shi ne zaɓe. A Oktoban 2024 jam'iyyar APC ta lashe dukkan ƙananan hukumomi 23 na Kaduna, NNPP ta kwashe 44 na Kano. Ba wata jam'iyya ɗaya ce ke da wannan hali ba; duk mai riƙe da gidan gwamnati haka yake yi, tunda shi ke naɗa hukumar zaɓen jiha, shi ke ba ta kuɗi. Ciyaman da gwamna ya ɗora, ko an zuba masa kuɗin a asusunsa da safe, kafin azahar zai mayar da su inda aka umarce shi. An ba kura ajiyar nama ke nan. A Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen, APC da PDP sun raba ƙananan hukumomi shida uku-uku a 2022. INEC ma tana da nata tabon, amma wannan bambanci ya isa a duba.

Don haka muna kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ta soke asusun haɗin gwiwa, ta kuma raba gwamnoni da ikon shirya zaɓen ƙananan hukumomi, a gyara guda, ba tare da jan ƙafa ba. Idan ƙudirin ya iso jihohi, a kaɗa ƙuri'a a fili, jama'ar kowace mazaɓa su san inda ɗan majalisarsu ya tsaya. Kafin nan, akwai abin da ba ya buƙatar gyaran doka: ofishin Akanta Janar na wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu a wata. A manna takardar a ƙofar sakatariya, a karanta ta a gidajen rediyo da harshen da mutanen wurin suke ji.