Guntun Zare Ma Jari Ne Ga Matan Gobir

Duk lokacin da aka tashi tallafa wa matan da 'yan bindiga suka raba da gidajensu a Sabon Birni da Isa, keken ɗinki da injin markaɗe ake fara tunawa. Ban raina su ba, amma matar da ta baro ƙauyensu da goyo a baya, take raɓe a gidan dangi, ina za ta girke keke? Tun 2019 dubban mutanen wannan yanki ke tsallakawa jihar Maraɗi, harin watan Mayun 2020 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari kuwa ya ƙara yawan masu gudun. Mai irin wannan zama, sana'ar da za ta ƙulle a bakin zane ta tashi da ita take buƙata, kuma naɗa ragowar zaren ulu a kan faifai da mafici irinta ce.

Aikin ba baƙo ba ne a hannun Bagobira. Haka kakanninmu ke saƙa faifai: a tattara siririn damin ciyawa, a naɗe shi da rinanniyar kaba, a soka basilla, ana zagayawa daga cibiya har baki. Sai dai kaba a daji take, dajin kuma yanzu shigarsa kasada ce da rai. Guntayen ulu kuwa suna nan jibge wurin masu saƙa hula da safar jarirai a Sakkwato da Kano, akasarinsu shara ake zubawa. Zaren da bai kai ya yi safa ba yana rufe taƙi guda na zagayen faifai, a ɗora ja bayan kore, canjin launin shi ne adon. Zaren tsohon buhu ma yana iya maye gurbin ciyawar ciki.

Za a ce wa zai sayi kwalliya alhali ana fama da abin kai wa baka? Gaskiya ne, kasuwar ba ta cikin Isa. Tana wurin iyayen amare a birane, waɗanda ba sa fasa jeren ɗaki kome tsadar rayuwa. Za a kuma ce faifan ulu ba ya bakace, yana kama datti. Haka ne, na bango ne da rufe kwano, kuma a haka ya kamata a sayar da shi. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne kada zancen sana'a ya shagaltar da mu daga tsaro, a ƙasar da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa a watan Yulin 2024, aka kashe shi a watan Agusta. Faifai ba ya sauke wa gwamnati wannan nauyi ko kaɗan, amma yaran da ke hannun matan nan ba za su jira sai daji ya lafa kafin su ci tuwo ba. Ƙananan hukumomin biyu su nemi ƙungiyoyin mata na Sakkwato su riƙa tara guntayen zare ana aikowa, sannan a samu dillalan da za su saye kayan a biya nan take, su ɗauki nauyin kai su kasuwa, don hanyar ce ta fi ƙarfin matan.