A SHIRYA GIDA KAFIN A KAWO KWIKWIYO

A biranen ƙasar nan, tun daga Yamai har Damagaram, magidanta da yawa suna ajiye kare saboda gadi, musamman a sababbin unguwanni na bakin gari inda gidaje suke nesa da juna. Yadda abin yake faruwa kusan ɗaya ne ko'ina. Karyar maƙwabci ta haihu, yaro ya roƙi ɗa guda, a ɗauko shi cikin kwali a dire tsakar gida, babu wanda ya tambayi inda zai kwana ko abin da zai ci. Bayan wata biyu ko uku sai ƙara ta tashi: ya cinye takalmin maigida, ya yage tabarma, ya tsinke igiyar guga, ya gutsure littafin ɗan lekol. Daga nan sai sanda, bayan sanda sai ɗauri, daga ƙarshe a kai shi bayan gari a yar. Wannan hali bai dace ba, kuma ɓarnarsa ta fi ta takalmi, domin kwikwiyon da aka yar yau shi ne karen da zai yi yawo gobe tsakanin juji da mayanka, ba mai shi, ba allurar rigakafi.

Ya kamata a fara da sanin dalilin wannan tauna. Ana haihuwar kwikwiyo ba haƙori ko ɗaya. Daga sati 3 zuwa sati 6 haƙoransa na farko suke fitowa, guda 28, ƙanana masu tsini kamar allura. Idan ya kai wata 3 zuwa 4 sai ya fara famfara, haƙoran girma guda 42 su riƙa tunkuɗo na farko, kuma aikin ba ya ƙarewa sai wajen wata 6 ko 7. Duk tsawon wannan lokaci dasashinsa yana ƙaiƙayi yana zafi, abin da yake ba shi sauƙi kuwa shi ne ya danna wani abu tsakanin muƙamuƙansa. Uwayen da suka ga jariri yana cusa kome a baki lokacin haƙori ba su taɓa cewa mugunta ce ba. Ƙari a kan haka, kare ba shi da hannu, da baki da hanci yake binciken duniya. Shi ya sa ya fi son takalmi da hula da buzu, domin fata ce ko ƙyalle mai ɗauke da ƙanshin mutumin da ya saba da shi.

Akwai dalili na biyu, wanda laifinsa yake kan mutane kacokan. Sau da yawa ana raba kwikwiyo da uwarsa yana da sati 4 ko 5, don gudun kada wani ya riga ɗauka. Alhali a cikin wasa da ƴan'uwansa yake koyon ƙarfin cizo: in ya ciji ɗan'uwansa da zafi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan, sai ya gane ya wuce iyaka. Wasu masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, sun daɗe suna kiwon karnuka don nazari, kuma a littafinsu na 1965 sun nuna cewa makonnin da ke tsakanin na 3 da na 12 su ne suka fi tasiri a kan yadda kare zai zauna da mutane da ƴan'uwansa. Saboda haka likitocin dabbobi suke cewa a bar shi wurin uwa har sati 8. Wanda aka cire da wuri, aka kuma ɗaure shi shi kaɗai a gindin bishiya daga safe har magariba, tsoro da kaɗaici za su sa ya tauna duk abin da bakinsa ya kai, har igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a kawo dabba gida, sai maigida da uwargida su zagaya tsakar gida suna duban ƙasa, domin duniyar kwikwiyo ba ta wuce tsawon gwiwar mutum ba. Takalma su hau kan katanga ko su shiga ɗaki, a naɗe tabarma da buzu bayan salla, a ɗage sange da rana, a rataye igiyar guga, a rufe bakin rijiya. Wayar lantarki da ta rediyo da ta cajin salula su bar ƙasa, domin wanda ya huda waya mai wuta yana iya ƙone baki ko ya mutu nan take. Leda da tsumma da ƙaramin batir in ya haɗiye su suna toshe hanji ko su ƙone shi. Maganin ɓera da maganin ƙwari da takin zamani, waɗanda ake yawan ajiyewa a ƙasa cikin zaure ko kusa da rumbu, dole su koma sama, kuma wannan gyara zai tsare yaran gida masu rarrafe kamar yadda zai tsare dabbar.

Wasu abubuwan da mutane suke ci lafiya guba ne ga kare, kuma ba kowa ya san haka ba. Albasa, ko ta Galmi ce da ake alfahari da ita, tana lalata jajayen ƙwayoyin jininsa, ɗanya ko dafaffiya, haka ma tafarnuwa. Goro da ganyen shayi da cakulan suna ɗauke da sinadarin da ke ruɗa zuciyarsa, ƙaramin jiki kuwa kaɗan ya ishe shi. Ƙwayoyin ciwon kai na mutane ba na dabba ba ne: farasitamol guda yana iya kashe kyanwa. Sai kuma ƙashin kaza da na zabo da aka dafa, waɗanda ake jefa wa kare da niyyar alheri, alhali suna tsagewa kamar tsinke su soke maƙogwaro ko hanji.

Hana tauna gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kuma neman haka wahalar banza ce. Abin da ya dace shi ne a ba shi nasa abin taunawa: igiya mai kauri da aka ƙulla, ko busasshiyar fata mai faɗi, ko ƙwallon roba mai tauri da ya fi ƙarfin haɗiya, ko karas mai sanyi lokacin famfara. Duk wanda ya fara gutsurewa a ɗauke a sake wani. Tsohon takalmi bai kamata ya shiga cikinsu ba, domin kwikwiyo bai san bambancin tsoho da sabon salla ba. In an kama shi da abin da aka hana, a ce «bari» da murya ɗaya, a karɓe, a miƙa masa nasa, in ya kama a yaba masa. A keɓe masa wuri mai inuwa da ruwa inda zai zauna idan babu mai lura da shi, sa'an nan a sake shi safe da yamma ya yi gudu da wasa har ya gaji.

Za a sami masu cewa kare ba ya jin magana sai da sanda, kuma karen gadi sai ya sha wuya yake yin zafi. Wannan ra'ayi ya yaɗu, amma kuskure ne. Kare yana haɗa hukunci da abin da yake yi a wannan ɗan lokaci kawai. Maigidan da ya dawo daga kasuwa da la'asar ya doke shi saboda takalmin da ya tauna da hantsi bai koya masa kome game da takalmi ba, ya koya masa cewa dawowar maigida abin tsoro ce. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2009, likitocin dabbobi na Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun tambayi masu karnuka 140 hanyoyin horon da suka gwada, kuma daga cikin karnukan da aka doka ko aka shura, 43 cikin 100 sun mayar da martani da gurnani ko cizo. Karen da tsoro ya raina ba ya rarrabe ɓarawo da almajiri ko ɗan maƙwabci. A duba karen Azawak, dogo siriri, wanda makiyayan arewacin Tawa suke riƙe da shi tun kaka da kakanni, har Turawa suka kai irinsa ƙasashensu a shekarun 1970. Yana gadin zango da dabbobi, yana farautar zomo da barewa, kuma cikin mutanensa yake tashi, a sake, yana da aikin yi.

Shari'a ta yarda da ajiye kare don farauta da tsaron gona da kiwo, ta kuma yi umurni da wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki. Wannan ma dalili ne na shiri: a ware masa kwanonsa na ci da na sha tun ranar farko, a nuna masa iyakarsa nesa da randa da wurin salla. Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, ya fi masa alheri ya bar kwikwiyon wurin uwarsa.

Babban abin da ke bayan duk wannan magana shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar kare, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Idan alamunta suka bayyana babu magani. Rigakafinta kuwa yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 a Faransa. Kwikwiyo yana karɓar allurarsa yana da wata 3, daidai lokacin da famfara take farawa, wato daidai lokacin da ake fara tunanin yar da shi. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura a gari, cutar takan daina yaɗuwa, amma karen da ba shi da gida da wuya a kama shi a yi masa. Ya kamata ma'aikatar kiwo da masu unguwanni su riƙa faɗa wa jama'a ranar allura da wurinta. Yaron da kare ya ciza ko ya yakusa, ko da kwikwiyon gida ne wanda ba a yi wa allura ba, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru.