Alƙalami, Murhu da Tasha: Rayuwar Marubuciyar Littattafan Soyayya

Da wuya a sami ɗalibin Hausa da zai kammala karatunsa bai ci karo da littattafan soyayya ba, ko dai a aji, ko a kundin digiri, ko kuma a ƙarƙashin matashin kai a ɗakin kwana. Mun iya feɗe jigo da salo da zubi da tsari, mun iya kawo muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990 tsakanin Malam Ibrahim Malumfashi, wanda ya kira waɗannan rubuce-rubuce Adabin Kasuwar Kano, da Malam Abdalla Uba Adamu wanda ya tsaya musu. Abin da ba kasafai muke tambaya ba shi ne, wai shin yaushe matar da ta rubuta littafin ta sami lokacin rubuta shi, kuma wace wahala ta sha kafin ya iso hannunmu? A nawa ra'ayin, wanda bai san amsar wannan tambaya ba bai gama fahimtar wannan adabi ba, kuma bai cancanci ya yanke wa marubuciyar hukunci ba.

Kaya uku ne a kan marubuciyar soyayya a ƙasar Hausa, wato rubutun kansa, da hidimar iyali, da tafiye-tafiyen da sana'ar ke jawowa. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Rubutu aiki ne mai son natsuwa, ita kuwa matar gida natsuwa ce abin da ta fi rashi. Daga sallar asuba aikinta ya fara: haɗa karin kumallo, shirya yara makarantar boko, shara da wanke-wanke, abincin rana, shirin Islamiyya, tuwon dare, ga baƙi, ga biki da suna da gaisuwar mutuwa waɗanda in ba ta je ba za a ce ta yanke zumunci. Idan gidan na mace fiye da ɗaya ne, ranar girkinta ba ta da ta kanta. Idan kuma ma'aikaciya ce, malamar makaranta ko jami'ar asibiti, to kayan ya ƙara nauyi. Saboda haka lokacin da ya rage mata shi ne wanda sauran mutane ke hutawa a cikinsa, ko dai tsakar dare bayan kowa ya kwanta, ko ɗan tsakanin da yara ke makaranta. A da da biro da littafin rubutu na 'yan makaranta ake yi, da fitilar ƙwai in an ɗauke wuta, yanzu kuwa da yawa a wayar hannu suke dannawa da babban yatsa. Littafin da kai mai karatu ka cinye a dare guda, wataƙila barcin watanni ne wata ta sayar ta same shi.

Tarihin manyan marubutanmu mata ya isa shaida. Hajiya Hafsatu Abdulwaheed, wadda kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafinta So Aljannar Duniya a 1980, matar aure ce mai 'ya'ya, kuma renon bai hana ta zama ta farko a jerin matan da suka wallafa ƙagaggen labari da Hausa ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta koma neman ilmi ta hanyar karatun manya. Wannan matar ce ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, kuma duk wanda ya karanta su zai ga auren dole da zaman kishi da sakin wulaƙanci kamar a gabansa ake yi. Hajiya Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, daga garin Funtuwa ta riƙa fitar da littattafai irin su Allura Cikin Ruwa har sunanta ya zagaye ƙasar Hausa. Abin lura a nan shi ne, gidan da ke cinye musu lokaci shi ne kuma rumbun da suke ɗibar labari. Abin da ke gudana tsakanin kishiyoyi a tsakar gida, da maganar da uwar miji ke yaɓa wa suruka, da hirar da ake yi a ɗakin amarya, namiji marubuci sai dai a ba shi labari, ita kuwa a cikinsu take kwana take tashi.

Wannan hali bai tsaya ga matan Hausawa kaɗai ba. A Amurka akwai Nora Roberts, ɗaya daga cikin marubutan soyayya da suka fi kasuwa a duniya. Ta fara rubutu ne a 1979, lokacin da dusar ƙanƙara ta tsare ta a gida tare da 'ya'yanta maza biyu ƙanana, littafinta na farko ya fito a 1981, kuma zuwa yau ta wallafa fiye da 200. An san ta da ɗaukar rubutu tamkar aikin ofis, da lokacin farawa da na tashi. Bambancin da ke tsakaninta da tamu marubuciyar shi ne, ita da zarar ta miƙa rubutunta akwai kamfanin da zai tace, ya buga, ya tallata, ya rarraba, ya kuma biya ta. Tamu kuwa ita ce marubuciya, ita ce mai biyan maɗaba'a, ita ce mai bin bashi.

A nan ne maganar tafiya ta shigo. Tun daga shekarun 1980, da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, abin da ya haifar da ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat suka yi fice a cikinta. Kano ce cibiyar wannan kasuwa. Marubuciyar da ke zaune a Gusau ko Kaduna ko Katsina dole ita ko wakilinta ya shiga mota ya kai rubutu wurin masu bugawa, ya koma ya duba gyara, ya sake komawa ya raba wa dillalai. Su kuma dillalai sau da yawa bashi suke karɓa, sai an sayar a biya, saboda haka karɓar kuɗin ma wata tafiyar ce. Shi ya sa ake raba labari guda kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, don cinikin na farko ya biya kuɗin buga na biyu. Ban da wannan ga tarurrukan marubuta, kamar babban taron shekara-shekara na ƙungiyar ANA, ga gayyatar gidajen rediyo da jami'o'i. Kowace tafiya daga cikin waɗannan sai an nemi iznin maigida, an samo wanda zai zauna da yara, wani lokaci har da wanda zai yi rakiya. Namiji marubuci jakarsa kawai zai saɓa ya nufi tasha.

Wani zai ce ai yanzu intanet ta ɗauke wannan wahala, tunda marubuta na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mai karatu ya tura kuɗi ta banki a saka shi a zaure. Gaskiya ne ta rage zirga-zirga, kuma hakan ya zo a kan gaɓa, ganin yadda rashin tsaro ya lalata hanyoyi da dama a Arewa, ga kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin man fetur a 2023. Sai dai ta zo da nata nauyin. Masu karatu na jiran sabon shafi kullum, in an yi kwana biyu ba a saki ba su dami marubuciya da saƙonni, babu ruwansu da ko ɗanta ne ba lafiya. Ga ɓarayin zaune da ke kwafe labarin da aka saya su watsa shi kyauta. Rufe dandalin OkadaBooks a 2023 ya kuma nuna cewa kasuwar intanet ma tana iya watsewa a bar mai kaya da kayanta.

Ba zan ɓoye hujjar masu suka ba, domin ba duka ba ce ta banza. Suna cewa waɗannan littattafai na ɗauke hankalin 'yan mata daga karatu, kuma akwai masu cusa batsa a ciki. Wannan zargi ne ya kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ya kuma jawo takun-saƙa tsakanin marubuta da hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar a 2008, lokacin da ta nemi su yi rajista. Ni ma na yarda akwai rubutun da bai dace ba, musamman a zaurukan intanet inda ba mai tacewa, kuma marubuta na ƙwarai su ya fi kamata su fara tsawatarwa. Amma laifin wasu ba ya zama hujjar a ce duk macen da ta riƙe alƙalami ta yi watsi da gidanta, ko a riƙa yi mata kallon mai yawon banza don an gan ta a tasha. Matan Hausawa sun daɗe suna sana'a daga cikin ɗaki, kitso da ɗinki da saƙa da ƙuli-ƙuli, ba wanda ya ce sun saki aure. Rubutu ma sana'a ce irin waɗannan, har ta fi su da abu guda, domin 'yan mata da matan aure da yawa ta dalilin son karanta waɗannan labarai hannunsu ya faɗa da karatun boko.

Amfanin wannan wahala kuwa a bayyane yake. A 2012 wani kamfani mai suna Blaft a ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, wadda Malam Aliyu Kamal ya yi, labarin da aka rubuta a Kano ya isa hannun mutanen da ba su taɓa jin Hausa ba. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya ƙirƙiro gasar Hikayata domin mata marubuta, kuma ta fito da sababbin sunaye da dama. Mu da ke karatu nesa da ƙasar Hausa mun san yadda littafin Hausa ke kaiwa unguwannin Sabo, ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu har bangonsa ya yage, yana raya harshen a bakin yaran da aka haifa a Kudu.

Don haka ina da kira ga ɓangarori huɗu. Magidanta su gane cewa sa'a biyu da za a ɗauke wa mace hayaniyar yara ba ta rage wa gida komai, kuma rakiya zuwa taro ta fi hani. Marubuta su tsara lokacinsu, su daina yi wa masu karatu alkawarin shafi kullum in sun san gida ba zai bari ba, domin gaggawa ce ke haifar da labarin da ba kai ba gindi. Ƙungiyoyin marubuta su riƙa la'akari da masu goyo da masu zuwa daga nesa wajen sa lokaci da wurin taro, su kuma haɗa kai wajen karɓo wa mambobinsu haƙƙinsu. Mu kuma ɗalibai, idan za mu rubuta kundi a kan wata marubuciya, kada mu tsaya ga jigo da salo kawai. Mu neme ta cikin ladabi, mu tambaye ta yaushe take rubutu, wa ke riƙe mata yara, nawa ta kashe, nawa ya dawo. Da yawa daga cikin matan da suka fara wannan aiki shekaru sun ja musu, in ba mu rubuta tarihinsu daga bakinsu yanzu ba, na bayanmu littattafan kawai za su tarar. Sannan in za mu karanta, mu saya da kuɗinmu, mu daina karɓar na sata.

Allah Ya sa mu dace, Ya kuma ƙara wa iyayenmu mata marubuta basira da juriya, amin.