Ofishin Malamai Ba Kasuwar Maganin Daji Ba Ne

'Yan'uwana malamai, da zarar albashi ya shiga sai ga dillalai da jakunkunan bitamin a ofisoshinmu, suna rantsuwa cewa shan sa da yawa yana warkar da ciwon daji. Abin takaici, wasunmu ne ke taya su talla.

Da'awar tsohuwa ce. A 1976 Linus Pauling, masanin da ya ci kyautar Nobel sau biyu, ya ce giram 10 na bitamin C kullum yana tsawaita ran masu ciwon daji. Asibitin Mayo na Amurka ya gwada a 1979 da 1985, bai ga amfani ba. A Finland kuwa, binciken 1994 ya nuna cewa mashaya taba da aka ba sinadarin beta-carotene sun fi sauran kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari.

Hakika likitoci na ci gaba da gwada bitamin C ta jijiya, amma a asibiti, tare da maganin daji, ba a madadinsa ba. Yana kuma iya yi wa ƙoda illa, ya farfasa jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar da ta yawaita a Afirka ta Yamma.

Babbar asarar ita ce lokaci. Malamar da ta ji ƙullutu a mama, ta shafe wata shida tana haɗiyar bitamin, ta ba cutar damar yaɗuwa ne kawai. Mu da ke koya wa yara neman hujja, bai dace a yaudare mu da baki ba. Ina kira ga reshenmu ya hana wannan talla a makarantu. Gudunmawar da muke tara wa marasa lafiyarmu kuwa, asibiti za a kai ta.