Daga Kano Zuwa Jidda: Darasin da Ke Buƙatar Ƙwallo da Zare

Duk shekara maniyyata daga Samaru da Sabon Gari sukan tashi zuwa ƙasa mai tsarki, su bar nahiyar Afirka su sauka a ta Asiya cikin 'yan sa'o'i. A da, tafiyar kan ci wa alhaji shekaru a ƙafa. Amma in an tambayi ɗalibin sakandare nisan da ke tsakanin Kano da Jidda, da wuya ya iya aunawa. Laifin ba nasa ba ne, na yadda ake koyar da labarin ƙasa ne.

Duniya dunƙulalliya ce, kewayenta kusan kilomita 40,000. In an raba wannan gida 360, kowane digiri zai tashi kimanin kilomita 111. Tsakanin Kano da Jidda akwai kusan digiri 31, wato kimanin kilomita 3,400. Ɗalibi na iya gano wannan da kansa: ya sami taswirar duniya mai siffar ƙwallo, ya ɗame zare daga wannan birni zuwa wancan, sa'an nan ya gwada tsawon zaren a kan layin ikwaita. Zai kuma ga hanyar ta ratsa Cadi da Sudan kafin ta ƙetare Bahar Maliya.

Taswirar bango kuwa, irin wadda Mercator ya zana a 1569, tana kumbura ƙasashen da ke nesa da ikwaita. A kanta Girinlan ta kusa kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta sau 14. Wanda ya dogara da ita ba zai gane dalilin da ya sa jirgin Landan zuwa Los Anjalis kan bi ta kan Girinlan ba.

Wani zai ce ai na'ura kan ba da amsa nan take. Gaskiya ne, amma lamba kawai take bayarwa. A 2023, da yaƙi ya rufe sararin samaniyar Sudan, jiragen alhazan Nijeriya sun yi zagaye, tafiya ta tsawaita, kuɗin jirgi ya ƙaru. Ɗalibin da ya taɓa ɗame zare zai fahimci dalili ba tare da an gaya masa ba. Da irin wannan lissafi ne kuma ake fitar da alƙibla, wadda a Zariya ta karkata kimanin digiri 67 daga arewa zuwa gabas.

Saboda haka ya kamata kowace makaranta ta tanadi wannan ƙwallo, malamin lissafi da na labarin ƙasa su haɗa kai a kansa. Ga kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a Zariya a 1964, tana tsakanin Samaru da Sabon Gari. Abin kunya ne yaro ya girma yana jin rugugin jiragenta kullum, ya gama sakandare bai san yadda matuƙi ke auna hanyarsa ba.