Shekara 27 A Bayan Uwar Ɗaki

'Yan'uwana mata, yau labarin wata Ba'amurkiya na kawo muku, sunanta Holly Warlick. Tana ɗaliba ta yi wa Jami'ar Tennessee wasan ƙwallon kwando. A 1985 ta komo ta zama mataimakiyar malamarta, Pat Summitt, mai horar da 'yan matan jami'ar. Tare suka ci kofin jami'o'in Amurka har sau 8, amma in an tashi yabo, uwar ɗakin ake ambata. Ku da kuka san aikin biki, kun san wadda ke kwana a bakin murhu.

A 2011 ciwon mantuwa ya kama Summitt. Holly ta ɗauki yawancin aikin a waccan shekara, malamarta na zaune a gefe, ba ta rage mata girma ba. A 2012 Summitt ta miƙa mata usur ɗinta a gaban jama'a, watau ta bar mata kujerar.

To, shekara 7 ta yi tana shugabanci, kowace shekara 'yan matanta na shiga gasar ƙasa. A ganina wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Amma mutanen Tennessee sun saba da kofi, kofi kuwa bai zo ba. A 2019 aka sallame ta.