MU ZAGA DUNIYA: Ɗakin bauta a bakin teku

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu ƙasar Indiya, garin Mahabalifuram. Garin yana bakin teku, wajen kilomita 60 kudu da birnin Cennai. Baƙi suna tasowa da safe cikin mota tare da jagora mai yi musu bayani, su koma da marece.

Da farko jagora yana kai su wurin wasu ɗakuna biyar. Ba gina su aka yi ba, sassaƙa su aka yi cikin dutse a zamanin sarakunan Falawa, yau shekara fiye da 1300. Kusa da su akwai giwa ta dutse.

Daga nan sai wani babban dutse. An sassaƙa mutum yana tatsar saniya, ita kuwa tana lasar maraƙinta. Makiyayi in ya gani, ba sai an yi masa bayani ba.

A ƙarshe sai ɗakin bautar Hindu, dab da ruwa. An gina shi wajen shekara ta 700. Gumakan bajimai a kwance sun kewaye shi. Amma iska mai gishiri tana cin dutsen, har fuskokin wasu bajiman sun shafe. A 2004 ambaliyar teku ta buge gaɓar, katangar duwatsu ta rage wa ɗakin ɓarna. An kuma dasa itatuwa a jere don su tare iska.

Ku duba fa: dutse ma sai da aka nema masa itace. To, ina ga gona?

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.